Fito da Nutso: Yawon Kallon Ƙarƙashin Ruwa da Ilimin Sarkawan Kogin Kwara

Gabatarwa



Laccar yau ta shafi wata sana'a wadda ta bunƙasa a gaɓar tekuna masu ɗumi, watau ɗaukar baƙi a ƙaramin jirgi a kai su wani lungu na teku inda ruwa ya kwanta, su shiga su yi iyo suna kallon abin da Allah ya halitta a ƙarƙashin ruwa, da jagora a tare da su. Mai sauraro yana iya cewa, ina ruwan mutumin Sharabi ko Illo ko Lolo da wannan zance, alhali tsakaninsa da teku tafiyar ɗaruruwan kilomita ce? Amsa ita ce, ƙasar Bagudo a Jihar Kebbi ƙasar ruwa ce. Ta yankin nan ne Kogin Kwara yake shigowa Nijeriya, bayan ya raba Jamhuriyar Nijar da ta Benin. Akwai masu fito, akwai masunta, akwai masu nutso. Abin da nake so in nuna shi ne, jarin waccan sana'a ta bakin teku yana cikin kan jagora, kuma irin wannan jari muna da shi jibge a wurin Sarkawa, sai dai ba mu tsara shi ba, har rashin tsarin yana cin rayuka.

Za mu fara duba kalmomi, sa'an nan sana'ar kanta, sa'an nan mu dawo gida.

Kalmomin ruwa a Hausa

Harshe madubin rayuwar masu shi ne. Bahaushe ya bambanta ayyukan ruwa dalla-dalla. Iyo ko ninƙaya shi ne tafiya a saman ruwa. Nutso ko kurme shi ne shiga ƙarƙashinsa a riƙe numfashi. Fito shi ne ƙetarar da mutane da kaya daga wannan gaɓa zuwa waccan. Su kuwa shi ne kamun kifi, mai yinsa masunci. Sarkanci ya tattara dukkan waɗannan, har da sanin magungunan ruwa da halin dabbobinsa.

In an lura, kowace kalma daga cikinsu tana da wata bukata a bayanta: ko abinci, ko ƙetarewa, ko ceton rai. Ba mu da kalma guda ta shiga ruwa don kallo kawai. Saboda haka a cikin wannan lacca zan kira abin da Turawa suke ce wa sinokil da sunan "iyon leƙe", domin mai yinsa yana kwance ne a saman ruwa yana leƙen ƙasa, kamar mai leƙa rijiya.

Kayan aikin iyon leƙe

Kayan guda uku ne. Na farko gilashin fuska, wanda yake rufe ido da hanci. Idon ɗan'adam an yi shi ne don gani cikin iska. Da zarar ruwa ya taɓa ƙwayar ido sai gani ya dushe. Gilashin yana tsare 'yar iska a gaban ido, sai gani ya dawo. Amma saboda yadda haske yake karyewa tsakanin ruwa da iska, kome yakan ƙara girma da misalin kashi ɗaya cikin uku, ya kuma zama kamar ya matso kusa.

Na biyu bututun numfashi, wanda ake riƙewa a baki, ɗaya bakin yana sama da ruwa. Tsawonsa bai cika wuce santimita 40 ba, kuma akwai dalili. In ya yi tsawo, mutum zai riƙa maimaita shaƙar iskar da ya fitar, wadda ta tsaya cikin bututun. Ban da haka, nauyin ruwa yana danne ƙirji, har in mutum ya yi ƙasa da misalin mita ɗaya, ƙirjinsa ba zai iya jawo iska daga sama ba. Ƙa'idar ita ce, kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara wa jiki dannawa daidai da nauyin dukkan iskar da take bisa kanmu. Wannan shi ne ciwon kunnen da kowane mai nutso ya sani.

Na uku takalmin roba mai faɗi, mai kama da ƙafar agwagwa, wanda yake sa mutum ya yi tafiya ba tare da wahalar da hannu ba. Wanda bai iya ruwa sosai ba akan ƙara masa rigar da ke hana nutsewa.

Ya kamata a bambanta wannan da nutson tukunyar iska, wadda Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙirƙiro na'urarta a Faransa cikin 1943. Wancan yana bukatar horo da kuɗi masu yawa. Iyon leƙe kuwa ana koyonsa cikin ɗan lokaci kaɗan, shi ya sa ya zama abin kowa.

Inda ake yinsa, da dalili

Abu uku ake nema a wurin iyon leƙe: ruwa mai ɗumi, ruwa garau, ruwa kwantacce. Lungun teku yana ba da na uku, domin ƙasa ta kare shi daga igiyar ruwa. Abin kallon kuwa yawanci murjani ne. Mu mun san murjani a wuyan amare, amma asalinsa halitta ce mai rai, ƙananan dabbobi masu gina gida na dutse, suna tarawa shekara da shekaru har ya zama tudu a cikin teku. Masu gina irin wannan tudu sun fi son ruwa mai zafin awo 23 zuwa 29, mara zurfi, wanda rana take ratsawa. Kifaye iri-iri suna taruwa a kansa kamar yadda tsuntsaye suke taruwa a kan gonar gero. A irin wannan ruwa mutum yana iya hangen mita 20 ko 30 a gabansa.

Mafi girman tudun murjani a duniya yana gabashin Ostareliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300, an kuma sa shi ƙarƙashin dokar kariya a 1975. A nahiyarmu, Kenya ta keɓe gandun teku a Malindi da Watamu a 1968, Masar ta keɓe Ras Muhammad a 1983. Akwai kuma tsibirin Zanzibar. Wanda ya fi kusa da tarihinmu shi ne gaɓar Bahar Maliya ta Sudan. Alhazanmu na dā, masu tafiya da ƙafa, daga Sawakin suke shiga jirgi zuwa Jidda, kuma har yau akwai zuriyar Hausawa a garuruwan wannan gaɓa. A kan ruwan da suka ƙetare ne tudun murjanin Sanganeb yake, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016.

Aikin jagora

Yanzu mun zo ga zuciyar magana. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Baƙon da ya biya kuɗi ya shiga jirgi bai san inda ruwa yake ja ba, bai san lokacin cikar teku da janyewarta ba, bai san wane kifi ne mai dafi ba. Gilashi da bututu ana sayensu a kowane kanti. Abin da yake biya a haƙiƙa shi ne sanin jagora.

Aikin jagora ya kasu kamar haka. Kafin a tashi, yana duba iska da sararin sama, in bai gamsu ba ya fasa tafiyar, ko da za a yi asarar kuɗi. Yana tambayar lafiyar kowa, domin masu ciwon zuciya da tsofaffi su ne suka fi shiga haɗari. Yana koya musu yadda ake fitar da ruwa daga bututu, da alamun hannu na neman taimako. Yana haɗa su biyu-biyu, kowa yana lura da ɗan'uwansa. Yana barin mutum guda a cikin jirgi wanda ba shi da wani aiki sai kallon masu iyo. Yana hana yawan jan numfashi da sauri kafin nutso, domin hakan yana sa mutum ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji alamar kome ba. Daga ƙarshe yana ƙidaya mutane lokacin shiga da lokacin fita.

Wannan ƙidaya kada a raina ta. A 1998 wani jirgi a Ostareliya ya koma gida ya bar wasu mata da miji Amurkawa a tsakiyar teku saboda kuskuren lissafi, ba a kuma sake ganinsu ba. Bayan haka ne hukumar yankin ta tsananta dokar ƙidayar fasinja. Watau tsarin da muke gani a can, da asarar rai aka saye shi.

Jagora yana da aiki na biyu, shi ne tsare wurin daga baƙin kansu. Murjanin da ya yi shekaru yana girma, taku ɗaya yana karya shi. A ƙasar Tailan, lungun Maya ya lalace saboda dubban baƙi da jiragen da suke zuwa kullum, har hukuma ta rufe shi a 2018, ba a sake buɗe shi ba sai a farkon 2022, da sharuɗɗa masu tsanani. Wanda ya kashe abin kallo ya kashe kasuwarsa da hannunsa.

Ruwanmu na gida

To, mu dawo ƙasar Bagudo. Shin za a iya yin iyon leƙe a Kogin Kwara? Gaskiya ɗaya ce: ba kamar yadda ake yi a teku ba. Kogin da ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 daga tsaunukan Gini zuwa teku yana ɗauke da laka. Da damina mai nutso ko tafin hannunsa ba ya gani.

Amma kogin yana da wata ɗabi'a da ya kamata ɗalibai su sani. A wannan yanki sau biyu yake cika a shekara. Cika ta farko tana zuwa ne wajen Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman yankinmu, wanda Gulbin Kabi da sauran rafuka suke kawowa. Ruwan yakan yi fari-fari saboda laka, shi ya sa masana suke kiranta farar ambaliya. Cika ta biyu tana isowa da sanyin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ba a ɗigon ruwan sama a nan. Wannan ruwan damina ne na Gini, wanda ya daɗe yana ratsa fadamun Masina a ƙasar Mali, ya sauke lakarsa a can, ya iso nan a tace. Ita ake kira baƙar ambaliya. Masunci bai karanta wannan a littafi ba, amma ya san watannin, ya san kifin da kowace cika take kawowa.

Akwai kuma haɗurran da babu su a lungun teku. Akwai dorina da kada. Akwai tsargiya, wadda ƙwayarta take fitowa daga dodon-koɗin ruwa mara gishiri ta huda fatar mai wanka. Ko a Tafkin Malawi, inda ruwa yake garau har ake yin iyon leƙe don kallon ɗaruruwan irin ƙananan kifaye masu launi, wannan cuta tana nan. Don haka duk wanda ya ce zai kwafo sana'ar teku ya dasa ta a Kwara yadda take, ya yi aikin baban giwa.

Sarkawa da iliminsu

Abin da za a kwafa shi ne matsayin jagora, kuma a nan ba mu da abin jin kunya. Sarkawa masunta ne masu magana da Hausa, waɗanda tushensu yake ƙasar Kabi, masana kuma suna danganta sunansu da na Sorko, masuntan daular Songhai. Sun bazu a bakin Kwara tun daga ƙasar Dandi har Yawuri, suna zaune tare da Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Gungawa. Kusan kowane garin bakin ruwa yana da Sarkin Ruwa, mai iko da lokacin su, da mashigi, da neman wanda ruwa ya ci.

Basarke yana gani da hannu da ƙafa inda ido ya kasa. Yana duban fuskar ruwa ya gane inda dutse yake kwance, da inda gurbi yake, da inda yashi ya taru. Yana bambanta giwan ruwa da ragon ruwa, da tarwaɗa, da ƙarfasa, da ƙurungu, da minjirya mai jan lantarki, ya san makwancin kowannensu. Ya san hanyar dorina da lokacin da take da ɗa, lokacin da ba a kusantarta. Wannan ilimi a baka yake, a cikin kirari da karin magana da sunayen wurare, kuma duk tsohon da ya rasu yana tafiya da wani kaso nasa.

Tarihi ya ba mu misalin darajar jagora a wannan kogi. Mungo Park ya taso daga Sansandin a ƙarshen 1805, ya biyo ruwa ta wannan yanki namu, tare da jagora kuma tafinta mai suna Amadi Fatuma. A Yawuri yarjejeniyarsu ta ƙare, jagoran ya sauka. Park bai yi nisa ba jirginsa ya maƙale a duwatsun Busa, aka far musu daga gaɓa, ya halaka a ruwa a farkon 1806. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi ta sarakunan Busa da Yawuri, suka samu jirage da matuƙa na ƙasar, suka kai har teku.

Kabanci: kallon ruwa irin namu

Kada a ce mutanenmu ba su san kallon ruwa don nishaɗi ba. Bikin kamun kifi na Argungu ya samu siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Ban da babban su na Matan Fada, inda dubban masunta suke faɗawa ruwa da homa da gora, akwai wasannin da ake kira kabanci: tseren kwalekwale, gasar nutso, kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa. Ba mai shiga sai Sarkin Ruwa ya gyara ruwa an ba da izini. UNESCO ta sa wannan biki cikin al'adun gadon ɗan'adam a 2016, shekarar da ta karɓi Sanganeb. A Yawuri kuma akwai bikin Rigata na jiragen ruwa.

Bambancin shi ne, a kabanci baƙo yana tsaye a gaɓa yana kallon gwani, kwana kaɗan a shekara. A sana'ar teku kuwa gwani ne yake ɗaukar baƙo ya kai shi, kusan kowace rana. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili: yawon kwalekwale da jagora Basarke a lokacin baƙar ambaliya, a ga tsibirai da tsuntsaye da dabarun su, a ji sunaye da tarihin wurare. Baƙin farko ba sai sun zo daga Turai ba. Ɗaliban makarantunmu da ma'aikatanmu, da yawansu ba su taɓa shiga jirgin ruwa ba. Sharaɗin farko dai shi ne zaman lafiya a kan iyaka, domin ba mai zuwa yawon buɗe ido inda yake tsoron ransa.

Abin da ya fi yawon buɗe ido muhimmanci

Jama'a, da zancen nishaɗi ne kawai da ban tsawaita ba. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya taso daga Jihar Neja zuwa kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tsage ya nutse, ɗauke da mutum fiye da 150, yawancinsu mata da 'yan kasuwa da masu neman abinci. Waɗanda aka ceto ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Irin wannan yana ta maimaituwa a Kwara da rassansa, kuma dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare, rashin rigar ruwa, da kututturan itatuwan da suka nutse tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkinta ya haɗiye tsohuwar Busa, aka tayar da mutane wajen 44,000.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da wuce kima, ta kuma wajabta rigar ruwa. Amma doka a takarda ba ta hana jirgi kifewa. Ku dubi jerin ayyukan jagoran teku da muka ambata: duba yanayi, iyakance adadi, rigar ruwa, mai lura, ƙidaya. Babu ko ɗaya da ya fi ƙarfin mashigin Lolo ko na Wara. Idan ana yi wa baƙon da ya zo kallon kifi wannan hidima, to, matar da za ta kasuwa da goyo a bayanta ta fi cancanta.

Shawarwari

Ga ma'aikatan hukuma, ina ba da shawara uku. Ta farko, a ba Sarakunan Ruwa matsayi a cikin tsarin kula da mashigai, domin su ne suke wurin dare da rana, kuma matuƙa suna jin maganarsu. Ta biyu, kowane jirgin fito a rubuta masa adadinsa a jikinsa da manyan lambobi, a kuma ajiye littafin ƙidaya a mashigi. Ta uku, masu nutson gargajiya, waɗanda su ake kira duk lokacin da hatsari ya auku, a ba su horon taimakon gaggawa da kayan aiki da alawus.

Ga ɗaliban Hausa kuwa, aikinku ya fi sauƙi, ya kuma fi gaggawa. Ku je wurin tsofaffin Sarkawa da littafi da na'urar ɗaukar murya. Ku rubuta sunayen kifaye, da sassan jirgi, da sunayen gurabe da duwatsu, da alamun iska, yadda suke faɗarsu da bakinsu, da Hausar Kabi da Dandanci. Wanda ya fito daga Sharabi ko Ka'oje ko Zagga ya fi kowa damar yin wannan, tun da harshen nasa ne, mutanen kuma iyayensa ne.

Kammalawa

Mun ga yadda iyon leƙe yake, da kayansa, da wuraren da ake yinsa. Mun ga cewa lakar Kwara ba za ta bar mu mu yi irinsa sak ba. Mun kuma ga cewa ginshiƙin sana'ar, watau mutumin da ya san ruwa kuma ya ɗauki amanar waɗanda ba su sani ba, yana nan a mashigan ƙasar Kabi tun kafin zuwan Turawa. Abin da ya rage shi ne a rubuta saninsa, a haɗa shi da ƙa'ida, a ba shi iko ya ce wa mai jirgi "ya isa haka" a kuma saurare shi. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye matafiyanmu na tudu da na ruwa.